Yadda Ake Gwada Lens Mai Tsada Kafin a Zuba Kuɗi a Kansa

Kyamara takan tsufa da wuri. Bayan 'yan shekaru sai sabuwa ta fito da sensa mafi kyau, wato farantin da ke karɓar hoto a cikinta, mutum ya sayar da tsohuwar ya sauya. Lens mai kyau kuwa yakan zauna a jaka shekara goma ko fiye, kyamarori biyu ko uku su zo su wuce yana nan. Shi ya sa nake ganin bai kamata a saye shi don yabon da aka karanta ko aka kalla a intanet kawai ba. Mai yabon nan ba da kyamararka ya gwada ba, ba irin aikinka yake yi ba, kuma ba ainihin ƙwayar lens ɗin da za a miƙo maka ce ya riƙe ba.

Tambayoyi biyu ne gwajin zai amsa, kada ka cakuɗa su. Ta farko: irin wannan lens ɗin zai canza hotunanka har a ga bambanci? Ta biyu: wannan ƙwayar da ke hannunka lafiyarta ƙalau? Lens yana iya yin fice a duniya amma bai dace da aikinka ba. Yana kuma iya dacewa da aikinka sarai, amma ƙwayar da ka samu ta fito daga masana'anta da 'yar karkata a ciki.

Fara da hotunan da ka riga ka ɗauka

Tun kafin ka je neman lens ɗin, buɗe hotunanka na shekarar da ta wuce. Kowane hoto yana ɗauke da bayanan da kyamara ta rubuta a jikinsa, waɗanda ake kira EXIF: milimitar da aka ɗauka da ita (ƙaramar lamba faɗin kallo, babba jawo nesa kusa), faɗin ƙofar haske, saurin shata (tsawon lokacin da haske ke shiga), da ISO (yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske). Manhajoji irin su Lightroom suna iya tace maka hotunan bisa waɗannan bayanai. Idan ka ga yawancin hotunan da kake alfahari da su tsakanin milimita 24 da 50 ka ɗauke su, to ka yi wa kanka tambaya mai kyau kafin ka sa rai a kan lens mai zum na milimita 70-200.

Daga nan ware hotunan da suka ba ka haushi, ka duba abin da ya ɓata kowanne. Akwai cutar da sabon lens ke magani, akwai wadda ba ruwansa da ita. Idan shata ce ta yi jinkiri alhali haske ya wadata, ko fokas ya sauka a kan kunne maimakon ido, wannan gyaran hannu ne, kuma zai bi ka zuwa kowane lens. Idan kuwa duhu ne yake tilasta maka ɗaga ISO har hoton ya yi yashi-yashi, nan lens mai faɗin ƙofa yana da abin cewa, kuma lissafinsa a fili yake. Lambar f ce ke nuna faɗin ƙofa, ƙaramar lamba babbar ƙofa: daga f/4 zuwa f/2.8 hasken da ke shiga ya ninka biyu, wato ISO 6400 ya koma 3200. Daga f/2.8 zuwa f/1.4 ya ninka huɗu, 6400 ya koma 1600.

Rubuta ƙorafinka a takarda cikin jimla ɗaya ko biyu, misali: “A cikin ɗaki da daddare hotunana suna yin yashi,” ko “Ba na iya kusantar 'yan wasa daga bakin fili.” Wannan takardar ita ce ma'aunin gwajin gaba ɗaya. Wanda ya karɓi lens mai tsada ba tare da ita ba, sanyin ƙarfensa da santsin zobensa ne za su yanke masa hukunci.

Tabbatar kuma zai hau kyamararka. Bakin haɗi, inda lens ke ɗauruwa a jikin kyamara, na kowane kamfani daban ne, har a cikin kamfani ɗaya. Canon ta fito da EF a 1987, sannan RF a 2018. Nikon tana da F tun 1959, sannan Z a 2018. Sony ta kawo E a 2010. Lens na EF yana hawa kyamarar RF da adafta, amma na RF ba ya hawa kyamarar EF. Na F yana hawa Z da adaftar FTZ, sai dai tsofaffin da kyamara ce ke juya musu fokas da ɗan sukurin da ke bakinta sukan koma fokas na hannu a kanta. Girman sensa ma yana canza labarin. A kan cikakkiyar sensa mai milimita 36 da 24, lens na 50 yana nan a 50. A kan ƙaramar sensa ta APS-C sai ka ninka da 1.5, ko 1.6 idan Canon ce, ya ba ka faɗin kallo irin na 75 ko 80. A kan sensar Micro Four Thirds, wadda ta fi ƙanƙanta, ninki biyu ne.

Samo shi na kwana biyu ko uku

Hanya mafi kyau ita ce haya, domin lens ɗin zai kwana a wurinka, ka gan shi da safe, da rana tsaka, da kuma cikin duhu. Karanta sharuɗɗan kafin ka sa hannu: wa ke biya idan ya faɗi, akwai inshora ko babu, ƙarfe nawa ake mayarwa. Da ka karɓa, ɗauki hoton jikinsa ta kowane gefe da wayarka a gaban mai bayarwa, don kada a jingina maka tsohon tabo. Wasu masu haya suna cire kuɗin hayar daga farashi idan ka saya a wurinsu, don haka ka tambaya.

Aro daga abokin sana'a ma hanya ce, da sharaɗin ku yi magana a kan ɓarna tun farko. Idan kuwa abin da ya samu shi ne minti ashirin a cikin shago, to je da kyamararka da katinka, kada ka yarda da kyamarar shagon. Ɗauki hotunan, ka gode wa mai shago, ka koma gida ka duba su a kwamfuta. Ƙaramin allon bayan kyamara yana ƙawata kusan komai.

Ko ta wace hanya ka samo shi, ka tafi da tsohon lens ɗinka. Duk gwajin da ke tafe kwatance ne tsakanin su biyun.

Duba jikinsa

Wannan ya fi muhimmanci ga wanda aka yi amfani da shi, amma sabo ma a duba. Cire murfin gaba da na baya, ka buɗe ƙofar hasken, ka haska ƙaramar tocila ta baya a karkace kana kallo ta gaba, sannan ka juya. Za ka ga ƙura. Kada ta tayar maka da hankali, kusan kowane lens da aka yi aiki da shi yana da ita, musamman masu zum, kuma 'yan ƙwayoyin ƙura ba sa fitowa a hoto. Abin gudu shi ne fumfuna, wadda takan fito kamar zare-zare masu rassa, galibi daga gefen gilashi suna tafowa tsakiya. Danshi ne ke kawo ta, kuma idan ta daɗe takan ci rufin gilashin ta bar tabon da ba ya goguwa. Sai hazo, wani farin dishi-dishi da ke shimfiɗe a kan ɗaya daga cikin gilasan ciki, wanda ke kashe wa hoto armashi da zarar an fuskanci haske. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba illa.

Duba zoben gaba inda ake ɗaura filta. Idan ya lotsa, lens ɗin ya taɓa faɗuwa, ko da mai shi bai faɗa ba, kuma faɗuwa ce kan gaba wajen karkatar da gilasan ciki. Duba sukurorin bakin haɗi: idan kawunansu sun cinye, an taɓa kwance shi. Ƙananan maɓallan zinariya da ke bayansa, waɗanda yake magana da kyamara ta cikinsu, su kasance da tsabta. Ɗora shi a kan kyamara ka ɗan murɗa a hankali. 'Yar motsi kaɗan ba laifi ba ce, amma kada ya yi lakwaf-lakwaf, kada kuma allon kyamara ya ɗauke bayanan lens ɗin idan ka taɓa shi.

Juya zoben fokas da na zum daga farko har ƙarshe, kana sauraro da yatsunka: kada a ji ƙasa-ƙasa, ko wani wuri da ya cije. Kifa lens ɗin ƙasa ka ga ko zum ɗin yana zamewa da kansa. Rage ƙofar haske zuwa f/16, ka danna maɓallin duba zurfin hoto kana kallon cikin lens ɗin. Ganyayyakin ƙofar su rufe tsaf, su buɗe tsaf, babu jinkiri, babu maiƙo a jikinsu. Wani abu da ke tsorata mutane a banza: lens da yawa na zamani suna yin ɗan ƙwas-ƙwas a ciki idan an girgiza su a kashe, saboda sashen hana girgiza ko na fokas yana sake ne sai wuta ta shiga. Idan ƙarar ta ɓace da ka kunna kyamara, ba matsala.

Shirya kyamara yadda ba za ta yi maka ƙarya ba

Sa ta a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, saiti na hannu, ISO mafi ƙanƙanta. Ɗora ta a kan sandar kyamara mai ƙafa uku, mai ƙarfi. Yi amfani da jinkirin daƙiƙa biyu don kada danna maɓalli ya girgiza ta, ka kashe na'urar hana girgiza muddin tana kan sandar. Cire duk wata filta da ke gaban lens ɗin, ka sa masa hularsa mai tare hasken gefe. Rubuta abin da kake gwadawa a takarda ka ɗauki hotonta kafin kowane zagaye, domin bayan hotuna ɗari uku ba za ka tuna wanne ne wanne ba.

Kaifi, da gwajin kusurwa huɗu

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure.

Nemi shimfiɗaɗɗen abu mai ƙananan zane, kamar bangon bulo ko shafukan jarida da aka manna a bango. Dole kyamarar ta fuskanci bangon daidai wa daida. Idan ta ɗan karkata, gefe ɗaya zai fito dishi-dishi, ka zargi lens ɗin alhali laifin tsayuwarka ne. Dabarar da ke hana wannan mai sauƙi ce: manna ƙaramin madubi a tsakiyar bangon, ka yi ta gyara sandar har sai ka hango bakin lens ɗinka a cikin madubin, a tsakiyar hoton cif. Sannan ka cire madubin.

Yi fokas ta allon baya, ka ƙara girman hoton sosai, ka daidaita da hannu. Ɗauka a mafi faɗin ƙofa, sannan ka riƙa ragewa mataki-mataki: f/2, f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16, kana gyara saurin shata don hasken ya zama ɗaya. Ba tare da ka motsa sandar ba, sauya zuwa tsohon lens ɗinka a milimita ɗaya, ka maimaita. Idan mai zum ne, yi wannan a farkonsa, tsakiyarsa, da ƙarshensa, domin da yawa sukan yi rauni a ƙarshen dogon ɓangaren.

A kwamfuta, buɗe hotuna biyu gefe da gefe a girman kashi 100. Ga abin da ya kamata ka gani a lafiyayyen lens: a buɗe gaba ɗaya tsakiya tana da kaifi, gefuna sun ɗan yi laushi. Da ka rage mataki ɗaya ko biyu komai ya ƙara fitowa. Wajen f/5.6 zuwa f/8 yawanci ya kai ƙololuwarsa, sannan daga f/11 ko f/16 ya fara komawa baya, saboda haske yana bazuwa idan ya ratsa ƙaramin rami. Wannan komawa bayan ba aibin lens ba ne, haka haske yake. Abin da nake so ka lura da shi musamman shi ne: a f/8 lens mai araha da mai tsada sukan yi kusa da juna ƙwarai. Kuɗin mai tsada yawanci a buɗaɗɗiyar ƙofa yake, da gefuna. Wanda kullum a f/8 yake aiki ya kamata ya kalli waɗannan hotuna biyu da kyau kafin ya ci gaba.

Yanzu tambaya ta biyu, lafiyar wannan ƙwayar. A cikin lens mai tsada akwai gilasai goma sha wani abu, wani har ya haura ashirin, kuma dole duk su tsaya a kan layi ɗaya. Idan ɗaya ya ɗan goce ko ya karkata, gefe ɗaya na hoton zai fi sauran laushi. Roger Cicala, wanda ya kafa kamfanin haya na Lensrentals a Amurka, ya yi shekaru yana auna ƙwayoyi da dama na lens iri ɗaya, kuma abin da ya riƙa nunawa shi ne ba a samun guda biyu da suke daidai ɗari bisa ɗari. Ɗan bambanci dole ne. Abin da kake nema shi ne wanda ya wuce gona da iri.

Fita waje da safe, kafin ƙasa ta ɗau zafi iska ta fara rawa, domin wannan rawar tana lalata duk wani gwaji na nesa. Zaɓi abu mai nisa mai ƙananan zane, kamar ƙarfen eriya ko allon rubutu a jikin gini. Buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, sa abin a tsakiya, yi fokas, sannan ka mayar da fokas na hannu kada ka ƙara taɓa zoben. Ɗauki ɗaya a tsakiya. Sai ka juya kyamarar har abin ya koma kusurwar sama ta hagu, ka ɗauka, sama ta dama, ƙasa ta hagu, ƙasa ta dama, kana barin tazara iri ɗaya daga gefe. Jera huɗun a allo. Idan duk sun fi na tsakiya laushi amma sun yi kama da juna, lens ɗin lafiya lau. Idan uku suna karantuwa, na huɗun kuwa ya zama kamar an shafa shi da yatsa, akwai karkata. Maimaita gwajin da wani abin daban kafin ka yanke hukunci. Idan kusurwar nan ce dai ta sake faɗuwa, kada ka karɓi wannan ƙwayar, komai rangwamen da aka yi maka.

Wani lokaci za ka ga duk kusurwoyin sun yi laushi idan ka yi fokas a tsakiya, amma suna yin kaifi idan ka yi fokas a kansu. Wannan ƙirar lens ɗin ce, layin kaifinsa a lanƙwashe yake. Ga mai ɗaukar fuskoki ba damuwa ba ce. Ga mai ɗaukar gine-gine, taurari, ko jerin mutane a layi ɗaya, abin dubawa ne.

Fokas

Lens mai kaifi da ba ya saukar da fokas inda aka nuna masa bai da amfani. Idan kyamararka mai madubi ce, wato DSLR, na'urar fokas ɗinta daban take da sensa, don haka wani lens yakan sauka gaban abu ko bayansa. Jera batura biyar a kan tebur a karkace, kowane yana ɗan bayan na kusa da shi, ka nuna wa kyamara na tsakiya da ɗigon fokas guda ɗaya, a buɗaɗɗiyar ƙofa. Ɗauki goma, kana ɓata fokas ɗin da hannu kafin kowanne don ya sake nema. Idan duk goman sun goce gefe ɗaya da kusan tazara ɗaya, abu ne mai gyaruwa, yawancin manyan DSLR suna da wurin daidaita shi a cikin saiti. Idan kuwa wannan ya sauka gaba, wancan baya, wani daidai, to ba saitin da zai gyara shi. Kyamara marar madubi a kan sensa take yin fokas, don haka wannan matsalar ba ta cika taɓa ta ba.

Ka yi wa lens ɗin adalci a nan. Na milimita 85 a f/1.4, daga nisan mita 2 a kan cikakkiyar sensa, yankin da ke da kaifi kusan santimita 5 ne kacal. Ka ɗan rausaya gaba bayan ka yi fokas, ido ya tafi. Mutane da yawa sun mayar da lafiyayyen lens saboda wannan.

Sannan gwada shi da abu mai motsi. Sa wani ya tako zuwa gare ka, sannan ya zo da gudu, kana ɗauka a jere da fokas mai bin motsi. Ƙirga nawa ne suka yi kaifi, ka yi haka da tsohon lens ɗinka. Shiga ɗaki mai ƙarancin haske ka ga ko yana kai-komo kafin ya kama. Mai ɗaukar bidiyo ya ƙara abu biyu: ya saurari ƙarar injin fokas a cikin sautin da kyamara ta naɗa, ya kuma ja fokas daga kusa zuwa nesa yana kallon gefunan hoton, ko suna matsowa suna ja da baya kamar ana zum.

Haske mai wuya

Waɗannan ba sa cin lokaci. Sa fitila mai ƙarfi ko rana ta yamma a gefen hoto, sannan ka ɗan fitar da ita waje, ka ga ko hoton yana wankewa ko ɗigon launuka suna fitowa. Kada ka kalli rana ta madubin leƙawa na DSLR, musamman da dogon lens, kada kuma ka bar kyamara tana fuskantarta. Ɗauki rassan bishiya da farin sama a bayansu, ka duba gefunansu ko akwai jirwayen shuɗi-ja ko kore. Ɗauki ƙofa ko gini ka ga ko miƙaƙƙun layuka suna kumbura ko suna lotsawa. Duhun kusurwa da lanƙwasar layi manhaja tana gyara su da dannawa ɗaya, don haka ni ba na ba su nauyi sosai. Abin da manhaja ba ta iya gyarawa shi ne yanayin bayan hoto. Tsayar da mutum a gaban ganyaye da rana ke ratsawa, ko ƙananan fitilu, ka duba ko bayan ya narke a hankali ko ya yi hayaniya yana janye ido daga fuskar.

Na'urar hana girgiza, wadda Canon ke kira IS, Nikon VR, Sony OSS, Sigma OS, Tamron VC, ita kuma a hannu ake gwada ta. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kada saurin shata ya gaza milimitar lens: a milimita 200, 1/200 na daƙiƙa. Ɗauki goma a nan, goma a 1/100, 1/50, 1/25, 1/13, da na'urar a kunne, sannan a kashe. Inda mafi yawan goman suka daina yin kaifi, nan ne iyakarka da wannan lens ɗin, ko me aka rubuta a kwalinsa. Ka tuna girgizar hannunka kawai take tarewa, ba ta tsayar da yaro mai gudu.

Yini guda a kafaɗa

Bayan bango da batura, rataya shi ka fita ka yi irin aikin da ka saba, daga safe har yamma. Ni a wurina wannan yinin ya fi duk sauran gwaje-gwajen faɗar gaskiya. 70-200 f/2.8 na DSLR yana kusan kilo ɗaya da rabi, sababbin na kyamara marar madubi wasu sun sauko kusa da kilo ɗaya, mai f/4 kuwa kusan rabin nauyin na farkon ne. Minti biyar a shago ba ya nuna maka wannan. Sa'a ta shida ce take nunawa, lokacin da wuyan hannu ya fara zafi kuma ka ga kana jinkirin ɗaga kyamara. Lura ko yana shiga jakarka, ko kan sandarka yana iya riƙe shi, ko mutane suna ɗari-ɗari idan ka nuna musu shi, ko yana barinka ka matso kusa da abu yadda ka saba. Duba kuma faɗin bakinsa: idan milimita 82 ne kuma filtocinka na 77 ne, akwai wani kuɗin a gaba.

Kada ka kai lens ɗin da ba ka sani ba aikin da aka biya ka kuma ba ya maimaituwa, sai da tsohon naka a cikin jaka.

Yanke hukunci ba tare da ganin suna ba

Zaɓi hotuna kamar goma daga kowane lens, na wuri ɗaya da haske ɗaya, ka gyara su yadda ka saba gyara aikinka. Fitar da su a girman da mutane ke ganin hotunanka a zahiri, allon waya ne, ko bugu a takarda. Sa wani ya sauya musu suna ya cakuɗa su, sannan ka zauna ka ware waɗanda suka fi burge ka. Gani ya kori ji. Idan ka riƙa zaɓen na sabon lens ba tare da ka sani ba, kuma a kan abin nan da ka rubuta a takardarka tun farko, to ka samu amsa. Idan sai ka ƙara girman hoto zuwa kashi 200 kafin ka gane wanne ne wanne, ka samu amsa ita ma, kuma kada ka ji kunyar karɓarta. Wataƙila abin da ya dace da kai shi ne ƙaninsa mai f/4 ko f/1.8, ko na Sigma ko Tamron, ko kuma ka riƙa hayar wannan ɗin a ranakun da aiki ya buƙace shi.

Kada ka yanke hukuncin lens ɗin yana hannunka. Mayar da shi, ka koma aiki da tsohon naka na mako guda, ka ga ko akwai hoton da ya kuɓuce maka saboda rashinsa.

Idan ka saya

Wanda ka yi haya ba shi ne wanda za a ciro maka daga kwali ba, don haka tambaya ta biyu, ta lafiyar ƙwayar, ta dawo sabuwa. Kafin ka biya, san kwana nawa aka ba ka na mayarwa, kuma a rubuce. Tambayi ko garantin kamfani yana aiki a ƙasar da kake, domin kayan da aka shigo da su ta bayan wakilin kamfani sau da yawa ba su da shi. Lambar siriyal da ke jikin lens ɗin ta yi daidai da ta kwali da ta takardar garanti. A ranar farko maimaita duba da tocila, gwajin kusurwa huɗu, da na batura, ka kuma leƙa shafin kamfanin ko akwai sabuwar manhajar cikin lens ɗin, domin wasu matsalolin fokas da ita ake gyara su.

Ajiye hotunan RAW na wannan gwajin a wuri guda, tare da kwanan wata da lambar siriyal. Ranar da lens ɗin ya bugu da wani abu, ko ka fara zargin gefe ɗaya ya yi laushi, sai ka koma wurin nan ka sake ɗauka da saiti iri ɗaya, ka kai wa mai gyara hotunan biyu.